Baƙo da murhunsa

Wanda ya bar Mayahi ya nufi gabas, ya bi Gulbin Kaba ta wajen Kanambakashe, ba zai tarar da ruwa mai gudu ba, ko da yake sunan wurin gulbi. Tsohon kwari ne mai faɗi, cike da goriba da kaba, inda mata ke yankar abin saƙar tabarma da igiya tun kaka da kakanni. Sai damina ta kankama ruwa ke taruwa a wuraren da ƙasa ta lotsa, ya zama tabkuna, wasu su ƙafe da kaka, wasu su kai tsakiyar sanyi. A cikin ɗaya daga waɗannan tabkuna akwai wani tudu mai bagaruwa da ƴan itatuwan gawo, wanda ruwa ke kewayewa daga watan Yuli har bayan an gama yankan hatsi, ya zama tsibiri. Mutanen ƙauyen da ke kusa ba su taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba, domin duk wanda ya gwada shuka a kansa, tsuntsaye ya noma wa.

A kan wannan tudu ne wani tsohon direktan makarantar firamare, wanda ya yi kusan shekara talatin yana koyarwa a ƙauyukan Tasawa da Mayahi, ya zuba ɗan abin da ya tara, ya gina bukkoki huɗu na laka da rufin ciyawa. Tunanin ya samo shi ne a wata tafiya da ya yi Yamai, inda abokan aiki suka kai shi tsibirin Bubon a kan kogin Kwara, suka kuma kai shi Kure ya ga raƙuman dawa. A can ne ya fara ganin mutum ya ciro kuɗi daga aljihu ya biya domin ya kwana wurin da babu komai sai ruwa da kukan tsuntsaye. Da ya dawo gida ya tsaya bakin tabkin nan, sai ya ga ashe abin da ake biya a yamma yana nan a bayan gidansu, ba mai kallonsa.

Kowace bukka ya sa mata gado da katifa da gidan sauro, da randa da tulu, da tabarmar kaba da buta, da fitila mai aiki da hasken rana. A waje kuma ya kafa duwatsun murhu uku, ya ajiye tukwane biyu da ludayi da muciya. Abu ɗaya ne bai tanada ba, wato mai dafa abinci. Baƙo ya biya kuɗin kwana, ya karɓi mabuɗi, ya hura wutarsa da kansa.

A nan rigimar farko ta tashi, kuma daga cikin gidansa ta tashi. Uwargidansa ta saurare shi har ya gama bayani, sannan ta ce: "Malam, ni dai ban taɓa jin inda baƙo ya sauka hannun mutum, ya kama neman itacen wuta ba. In kai ba ka jin kunya, ni da ke cikin gida ni za a zaga." Yayarsa ta zo takanas daga Tasawa ta ƙara masa da cewa mahaifinsu bai taɓa cin tuwon dare shi kaɗai ba, kullum sai an fitar da akushi zaure ko da babu baƙon da aka sani, domin wanda dare ya yi wa a hanya. Ba su faɗi ƙarya ba. A ƙasar Hausa ana cewa baƙonka annabinka, kuma darajar magidanci tana cikin kwanon da ke fitowa daga gidansa. Ba a daɗe ba aka fara yi masa ba'a a kasuwa, ana ce masa mai masaukin da ba a suɗar hannu.

Amsar da ya riƙa bayarwa ta tsohon malami ce. Ya ce Bahaushe yana da masauki iri biyu tun dā, sai dai mutane sun riƙe ɗaya sun manta da ɗayan. Akwai zaure, inda ake saukar da ɗan'uwa da almajiri da matafiyi, a ciyar da su don Allah. Akwai kuma zango, inda fatake da ayarin Abzinawa ke sauke kaya a bayan gari, su kafa murhunsu, su dafa abin da suka saba ci. Tasawa kanta da zango ta yi suna. A watan Janairu na 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya iso garin bayan ya biyo ayarin gishiri daga Abzin, kafin ya wuce Gazawa da Katsina zuwa Kano. Irin waɗannan ayari ba sa jiran tuwon kowa, kuma babu wanda ya taɓa cewa Tasawa ta yi musu rowa. Abin da gari ke ba su shi ne ruwa da inuwa da aminci, sauran kuma su saya.

Wannan sayen ne ya kashe bakin masu ba'a, a hankali. Baƙon da ke dafa wa kansa dole ne ya shiga gari da safe. Yana bukatar itace da ƙwai da albasa, yana bukatar nono daga rugar Fulani, wani lokaci ya sayi zabo a fige masa. Wanda bai iya tuƙa tuwo ba sai ya aika yaro gidan mai fura ko mai ƙosai. Da a ce uwargidan direkta ce ke dafawa, da kuɗin baƙo a gida ɗaya zai tsaya. Da aka bar shi da murhunsa, sai kuɗin ya watsu cikin gidaje goma. Matar da ta sayar da tabarma biyu a ƙofar gidanta, ba tare da ta ɗauka zuwa kasuwa ba, ita ce ta fara tsawata wa ɗanta idan ya nufi tabkin da danƙon harbin tsuntsu. Uwargidan kuwa ba ta sauka daga kan bakanta gaba ɗaya ba. Ta kafa sharaɗi cewa daren farko na kowane baƙo, tuwo da miya daga ɗakinta za su fito, kuma ba da kuɗi ba. A kan haka aka daidaita.

Rigima ta biyu da tsuntsayen aka yi ta, kuma shi ne ya sha kaye. Bukkoki biyu na farko a ƙarƙashin bagaruwar yamma ya gina su, domin nan ne inuwa ta fi kyau, nan ne kuma balbela da zalɓe ke sheƙa. Hayaƙin murhu da hasken fitila da tarin mutane da dare suka dame su, damina ta gaba suka ƙaurace wa wannan gefe. Ya zauna ya yi lissafi, ya ga ya kori abin da ake zuwa gani. Da hannunsa ya rushe bukkokin nan biyu, ya mayar da su ƙarshen gabas, ya ja shingen ƙaya a tsakiyar tudun. Daga nan ya rubuta dokoki huɗu a allo ya rataye a bakin mashiga: ba a shiga da bindiga, ba a shiga da kare, ba a sarar itace a kan tudu, ba a kunna rediyo bayan sallar isha'i. Ya je gaban Maigari tare da ardon Fulani aka amince cewa mashayar kudu ta dabbobi ce, ba wanda zai tare ta, su kuma makiyaya za su daina sassaɓe rassan bagaruwar tudu a lokacin ƙyanƙyasa.

Shekara biyu aka yi kafin tsuntsayen su yarda su dawo. Daga nan ya koyi karanta shekara a jikinsu, kamar yadda ya saba karanta ta a kalandar makaranta. Shamuwa ce ke fara isowa kafin ruwan farko, ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari inda ta san ba mai taɓa ta, ta cinye fara a gonaki, sannan da kaka ta kama hanyar kudancin Afirka. Da ruwa ya cika sai kirinjijiya ta sauka garke-garke, dinya ta biyo baya jefi-jefi. Da sanyi kuma, in tabkin bai ƙafe da wuri ba, ƙananan agwagi da tsuntsayen bakin ruwa ke zuwa daga Turai, sun ƙetare teku da Sahara. Da dare akwai bushiya da zomo da dila, guza kuma yana shan hantsi a gindin gawo.

Baƙin shekarun farko yawancinsu ma'aikatan ƙungiyoyin agaji ne daga Maraɗi, da ƴan Turawa masu madubin hangen nesa da littafin hotunan tsuntsaye. Ba su da yawa, amma suna isa a sabunta rufi a biya mai gadi. Sai ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a dajin Kure, Faransawa 6 ma'aikatan agaji da direbansu da ɗan jagoransu. Tsakanin Kure da Gulbin Kaba akwai ɗaruruwan kilomita, amma tsoro ba ya auna nisa. Aka hana baƙin waje fita daga manyan garuruwa yadda suka saba. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 iyakar Najeriya ta yi watanni a rufe, ƙungiyoyi da dama suka rage aiki ko suka tattara. Bukkoki huɗu suka zauna a kulle, gara na cin azara, jemagu sun tare a biyu daga ciki. Rufin ciyawa kuwa ba ya jiran baƙo, in lokacin sabuntawa ya yi dole a sabunta shi, ko an kwana a ƙarƙashinsa ko ba a kwana ba.

A cikin wannan hali ne wata rana, da sanyi, wani attajiri ya iso da mota da yaransa uku. Ya kama bukkokin duka na kwana uku, ya biya nan take bai nemi ragi ba. Da la'asar direkta ya ga ana fito da bindigogi biyu daga bayan mota. Ya matsa ya gaida shi, ya nuna masa allon. Baƙon ya yi dariya ya ce: "Haba Malam, tsuntsun Allah ne fa, ba na kowa ba. Dinya biyu kawai nake so. Ga jika hamsin a kan kuɗin ɗaki." Jika hamsin a lokacin ita ce ciyawar rufin bukkoki da ladan masu rufi. Kuma wanda ke magana baƙo ne, babba, a gaban yaransa, a ƙasar da ba a ce wa baƙo a'a kai tsaye. Direkta ya yi shiru har sai da shirun ya yi nauyi, sannan ya ce: "Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri. Kai baƙona ne, su ma baƙina ne, kuma sun riga ka sauka. In na bari aka harbi wanda ya amince da ni, gobe kai ma ba za ka iya barci a hannuna ba." Ya ciro kuɗin kwana ukun ya miƙa masa. Alhajin ya karɓa ba tare da ya dube shi ba, suka juya mota kafin magariba. A daren nan uwargida ta riga ta tuƙa tuwon baƙi, sai almajirai aka kira suka cinye. Ba ta ce masa ya yi daidai ba, ba ta kuma ce ya yi kuskure ba.

Damina ta zo bukka ɗaya tana yoyo, bangonta na arewa ya zube. Uku suka rage.

Waɗanda suka buɗe su bayan haka ba daga nesa suka zo ba. Wani tsohon ɗalibinsa ne, wanda yake koyar da ilimin halittu a wata kwaleji ta Tasawa, ya roƙe shi ya kawo ƴan ajinsa su kwana biyu a lokacin hutu. Kowane yaro ya zo da tiyar shinkafa ko ta wake, suka haɗa ɗan kuɗi, maza suka ɗebo ruwa, mata suka rarraba aikin murhu. Da asuba direkta ya zaunar da su a bayan shingen ƙaya, ya ce kowa ya faɗi sunan abin da ya gani. Balbela da kurciya ne kawai kowa ya sani. Akwai wanda ya iya faɗin sunan zalɓe da Faransanci, domin ya gan shi a littafi, amma bai san shi da Hausa ba. Da ya tambaye su gauraka da burtu da jimina, sai suka ce sun san su a tatsuniya da karin magana. Ya ba su labarin Gadabeji, a arewacin Dakwaro, gandun dajin da aka keɓe tun 1955, inda raƙumin dawa ya ɓace kusan shekara hamsin sakamakon fari da farauta, har sai a 2018 da aka ɗauko guda 8 daga yankin Kure a mota aka mayar. Wata yarinya ta tambaye shi: "Baba, to in dabba ta ƙare sunanta ma ƙarewa yake yi?" Ya ce mata sunan yana daɗewa kaɗan a bakin tsofaffi, sannan ya bi ta.

Kuɗin da ƴan makaranta ke biya ba ya kai rabin na baƙin dā, kuma sau uku ko huɗu suke zuwa a shekara. Wata ƙungiyar raya al'adu ta taɓa kama wurin na kwana biyu, mambobinta suka zauna da wani tsohon maharbi suna rubuta sunayen tsuntsaye da na itatuwa kamar yadda mutanen gulbi ke faɗarsu. Littafin da suka cika yana nan a bukka ta farko, a cikin akwatin ƙarfe saboda gara, kuma duk malamin da ya zo da ɗalibai ana ba shi ya ƙara abin da ya ji. Direkta ya tsufa, ƙafarsa ba ta son ruwan sanyi, yanzu wani jikansa ne ke ƙetarar da kayan baƙi a kai lokacin da tudun ya zama tsibiri. Ba a san ko yaron zai riƙe wurin ba, domin hankalinsa yana Maraɗi. Bulon da za a tayar da bukka ta huɗu an buga rabinsa, an jera a gindin gawo, an rufe da kaba, ana jiran abin da kaka za ta kawo.