Ga mai shirin sayen jitar bes ta farko

Duk matashin da ya ce mini yana son ya koyi kaɗa bes, abu na farko da nake roƙonsa shi ne kada ya bari ido ya yi masa zaɓi. Hannu ne zai zauna da ita, don haka hannu ya kamata ya zaɓa. Na ga yara masu basira sun jingine kiɗa gaba ɗaya don kawai jitar da suka saya tana wahalar da yatsunsu, su kuma suna zaton su ne ba su da baiwa. Abin nan yana damuna ƙwarai.

Ɗan'uwa, nemi mai tsirkiya huɗu. Ta ishe ka. Irinta Leo Fender ya fito da ita a Amurka a 1951, ya sa mata suna Precision Bass, a 1960 kuma ya ƙaro Jazz Bass mai siririn wuya, kuma har yau da yawa daga cikin waɗanda ke kasuwa daga waɗannan biyun aka kwaikwaye su. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin waƙoƙin Motown a birnin Detroit, da mai huɗu ya yi suna, da yatsa ɗaya tak yake fizgar tsirkiya. Aston Barrett na ƙungiyar Bob Marley ma mai huɗu ya riƙe. Mai biyar da mai shida suna nan, za su jira ka.

Sunan kamfani ba ya ɗaga mini hankali. Squier da Yamaha da Ibanez duk suna yin masu sauƙin kuɗi masu kyau, ta hannu ma ba laifi idan ka duba ta da kyau. Wajen dubawar ne nake so ka ɗauki lokaci. Ɗaga ta, ka kai ido daidai kanta, ka hango wuyan har ƙasa. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba komai, ana gyara shi da sandar ƙarfen da ke cikin wuyan. Amma idan wuyan ya murɗe, ajiye ta ko da kyauta aka ba ka. Sai ka danna kowace tsirkiya a kowane gurbi, daga sama har ƙasa, kana sauraro. Idan tsirkiyoyin sun yi nisa da katako, yatsunka za su sha wuya. Idan sun kwanta da yawa, za ka ji suna zizar a kan ƙarafunan da ke raba guraben. Ka shafa gefen wuyan kuma. Lokacin hunturu katako yana bushewa ya tsuke, bakin ƙarafunan nan su fito suna kartar hannu, wuyan ma ya motsa. Idan haka ta faru kai wa wanda ya san aikin, kada ka kama murɗa sandar da kanka, kuma kada ka bar ta a rana ko cikin mota.

Rataya ta a kafaɗa ka tsaya, domin nauyinta yakan kai kilo 4. Tsawon tsirkiya a yawancinsu inci 34 ne. In hannunka ƙarami ne akwai mai inci 30, kuma ba ta yara ba ce, jitar Höfner ta mawaƙin nan Paul McCartney gajera ce. Akwai kuma masu cin batir, amma wadda ba ta cin batir ta fi maka sauƙi a farko.

Kada ka zuba kuɗinka duka a jita ka manta da amfilifaya. Tsirkiya mafi kauri, wato E, tana girgiza wajen sau 41 a daƙiƙa, lasifikar jita ta yau da kullum ba a yi ta don wannan nauyin ba, tana iya lalacewa. Ga kuma halin da muke ciki da wutar lantarki, saboda haka ƙaramar na'urar da ake maƙala wa jitar a saurara da abin kunne za ta taimake ka, maƙwabta ma su huta. Da abin kunnen za ka riƙa sauraron waƙoƙi, don lasifikar waya ba ta fitar da bes.

Shi kuwa koyon, sirrinsa lokaci ne, ba gudu ba. Sauke manhajar ƙirga bugu a waya, ka sa ta a hankali, ka kaɗa sauti ɗaya da manuni da na tsakiya, bi da bi, har ya zauna daram a kan bugun. Ka koyi kashe tsirkiyoyin da ba ka kaɗawa, shi ne ke raba kiɗa mai tsabta da hayaniya. Ƙara muryar amfilifaya, ka fizga a hankali. Bororo zai fito a yatsu, daga baya ya zama kanta, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma in wuyan hannu ya fara ciwo, tsaya ka gyara riƙo.

A situdiyoyinmu yawancin bes daga fiyano yake fitowa, shi ya sa malami ke wuyar samu. Amma akwai gwanaye a ƙungiyoyin kiɗa na Yamai da majami'un Jos da Kaduna. Je ka gaishe su, ka zauna ka kalli hannunsu. Da zarar ka iya riƙe sauti uku ko huɗu ba tare da ka kauce wa bugu ba, nemi mai ganga, ko da mai kalangu ne a unguwarku, ku riƙa haɗuwa kuna kaɗawa tare.