Makunnin Ƙofar Inna

Da azumin bara Goggo ta daina gaisawa da Inna, a kan firji.

Gidanmu na Kusfa gidan gado ne, ginin ƙasa da aka shafe da siminti. Mita ɗaya ce a zaure, daga ita wuta ke shiga ɗakuna bakwai. Duk wanda ya yi aure ko ya sayi fanka sai ya kira yaro ya jawo masa waya daga inda ta fi kusa. Haka aka yi wa Goggo, abokiyar zaman Inna, da ta sayi firjin da take sanyaya zoɓo. Tun rasuwar Baba da wannan zoɓon take riƙe ƙannena uku.

Ƙarar Goggo ita ce Inna na kashe mata firji kullum da asuba, kafin azahar ƙanƙara ta narke, zoɓo ya yi tsami. Inna ta rantse ƙwan tsakar gida kaɗai take kashewa, kamar yadda ta saba shekara talatin. Magana ta kai har ga batun raba gida.

Ni kimiyyar kwamfuta na karanta a Jami'ar Ahmadu Bello, aikina rubuta manhaja. Abin da aikin ya koya mini shi ne idan mutum biyu suka kawo rahoton matsala mai karo da juna, a fara bin layi kafin a ƙaryata wani. Ranar wata Asabar na kashe babban makunni, na ɗauki tasta da takarda, na bi wayoyin gidan ina zanawa.

Wayar soket ɗin Goggo ta kai ni bayan makunnin da ke ƙofar Inna. Makunni kusoshi biyu gare shi: ɗaya wuta ke shigowa ta nan, tana nan koyaushe, ɗayan sai an kunna take fita zuwa ƙwai. Yaron ya ɗaura jar wayar firjin a na biyun. Inna na kashe ƙwan tsakar gida, firjin ya mutu tare da shi.

Ban taɓa gyaran da kaina ba, wutar bolt 230 ba ta san digiri ba. Na kira mai wayarin na gaske, muka sayo kaya a kasuwar Sabon Gari. Ya kafa akwatin rabon wuta kusa da mita, ya fitar da layin ƙwayaye da waya mai kauri 1.5, na soket da mai 2.5, kowane da birekarsa. Ya tabbatar kowane makunni jar waya yake yankewa, kuma ƙwansa kaɗai yake iko da shi. Ya kuma binne sandar tagulla a ƙasa ya haɗa mata koriyar waya, abin da gidan bai taɓa samu ba.

Da yamma na tara su biyun a tsakar gida.

“Inna, kashe ƙwan nan,” na ce.

Ta kashe. Muka yi shiru, firjin na ta gurnani a ɗakin Goggo. Goggo ta daɗe tana kallon makunnin, sannan ta ce, “Yaya, ashe ke ma ba ki sani ba.”

Inna ta ɗauki butarta ta wuce, ba ta ce komai ba. Bayan isha na ga jarkar zoɓo mai sanyi a bakin ƙofarta.