Littafi da Mudu

Mu Kiristocin Sabon Garin Jega 'yan tsiraru ne a tsakanin maƙwabta Musulmi, kuma kasuwa ɗaya muke ci. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, saboda haka ba mu da hujjar barinsa yana shan ƙura sai ran Lahadi. Littafin Karin Magana ya yi tir da ma'aunin algus. Wanda ya karanta wannan da asuba, da wuya ya tauye mudu da hantsi, ko ya cusa ruɓaɓɓiyar albasar Aliero a gindin buhu. Maƙwabcinmu ba ya shiga majami'armu. Wajen ciniki da biyan bashi yake auna abin da muke karantawa. In muka cuce shi, Littafin muka jawo wa zagi.