Gem ma kamar magani ne, sai an san awonsa

Cikin tambayoyin da iyaye mata ke yi mini a kantin magani, akwai wadda ba ta shafi ƙwaya ko allura ba: "Hajiya, wai babu maganin da zai raba yaron nan da buga gem?" Amsata a kullum ita ce babu, kuma ban ga dalilin raba su kwata-kwata ba. A makarantar koyon haɗa magunguna, abin da aka fara cusa mana shi ne awo ke raba magani da guba. Farasitamol da ke sauko da zazzaɓin yaro, shi ne ke lalata hanta idan aka zarce ƙa'ida. Haka nake kallon wasannin bidiyo.

Ni ma da gem na tashi. A gidanmu na Agege, ni da Yayana kan yi rububin wayar Baba ƙirar Nokia 3310 don buga wasan maciji, sannan ga wata 'yar na'urar hannu mai batir da muke buga Tetris. Wannan wasa wani ɗan Rasha, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙiro shi a 1984, kuma dokarsa ɗaya ce: tubala na zubowa daga sama, ka sa kowanne inda ya dace kafin su cika maka allo. Wanda ya ce bari ya ajiye tubali ko'ina, ya gyara daga baya, shi ke fara faɗuwa. Yau idan katon-katon na magani suka iso, da wannan ido nake jera su. Wanda wa'adinsa ya kusa ƙarewa ya zo gaba, sabo ya koma baya, kuma ba na barin aikin ya kwana.

Darasi na biyu shi ne haƙuri da faɗuwa. Yaron da ya sha kaye sau goma a mataki ɗaya, ya sake gwadawa da wata dabara har ya wuce, ya koyi abin da nasiha ba ta cika koyarwa ba. In aka lura, da wannan halin ake warware lissafi mai wuya.

Na uku ya fi shafar aikina. Duk mai buga gem ya san ba a juya wa dodo baya don ƙarfinsa ya ragu, sai an ga bayansa. Da wannan misalin nake yi wa yara bayanin maganin zazzaɓin cizon sauro na artemether da lumefantrine, wanda ake sha sau shida cikin kwana 3. Jiki kan yi sauƙi tun rana ta biyu, amma ƙwayar cutar na iya saura a jini. Da na ce wa yaro, "Dodon bai mutu ba tukuna," nan take yake ganewa, wani lokacin ma ya riga mahaifiyarsa.

Masu bincike ma sun duba lamarin. A 2008 mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta wallafa gwajin da aka yi da matasa 375 masu cutar daji. Waɗanda aka ba wa gem mai suna Re-Mission, inda ake yaƙar ƙwayoyin cutar a cikin jiki, sun fi sauran kiyaye shan magungunansu. A 2007 kuma, wani ƙaramin bincike kan likitocin tiyata 33 a birnin New York na Amurka ya nuna waɗanda suka saba buga gem fiye da awa 3 a mako sun fi sauri da ƙarancin kuskure a atisayen tiyatar da ake yi ta hanyar kallon allo.

To amma zarce awo na da illa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem cikin kundinta na cututtuka. Alamominta uku ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita gem a kan sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, yawanci na tsawon wata 12. Yaron da ke buga ƙwallo a PlayStation ranar Asabar, ya ci abinci, ya yi aikin makaranta, ya yi barci a kan lokaci, ba ya cikin wannan sahu. Wanda ke tayar mini da hankali shi ne saurayin da ke sayen lemon ƙara kuzari mai kafin don ya kwana a gaban allo, da safe ya zo neman maganin ciwon kai.

Saboda haka ga abin da nake ba iyaye shawara. Ku yanke lokaci tare da yaron, ku sanar da shi saura minti 10 kafin a kashe. Kada waya ta kwana a ɗakin yara. Duk bayan minti 20, ya ɗaga kai ya kalli abu mai nisa na daƙiƙa 20 don ido ya huta. Ku duba lambar da ke jikin kwalin gem, 3, 7, 12, 16 ko 18, domin shekarun da ya dace da su ke nan. Ku cire katin banki daga wayar da yaro ke riƙewa. Ku kuma san gidan gem ɗin da yake zuwa, don wasu shagunan caca ne, duk da ƙwallon da ake gani a allonsu. Inda ake zuba kuɗi don a ci riba, an bar wasa.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne ku zauna kusa da shi. Ku tambaye shi yadda ya wuce matakin da ya gagare shi jiya. Idan ya ce sai da ya tara kaya tukuna, ku nuna masa haka ake tara kuɗin keke. Yaro ba ya cika ɗauko darasi daga allo ya kawo shi rayuwa da kansa, sai wani babba ya nuna masa hanya. Wanda kuma alamomin nan uku suka bayyana a gare shi, a kai shi ga likita, kada a tsaya kan ƙwace waya da duka.