Kafin a Ce Akwatin Wuta Ya Mutu

Bahaushe ba ya rowar kalmar "mutuwa". Mota ta mutu a hanya, agogo ya mutu, kasuwa ta mutu, har aure ma mutuwa yake yi. Ɗalibin da ya zauna tattara wuraren da kalmar take shiga zai cika shafi bai gama ba. Sai dai a wajen kayan lantarki wannan yalwa tana da tsada, domin da zarar mutum ya ce abu ya mutu, ya daina yi masa tambaya ke nan, saura jana'iza. Ni kuwa a ƴan shekarun da na yi ina taɓa waya da sukundireba a gida da shagunan dangi, mafi yawan akwatunan sauya wuta da aka kawo mini da sunan gawa, suma kawai suka yi.

Akwatin da nake nufi shi ne ɗan ƙaramin nan na ƙarfe mai huje-huje kamar rariya, wanda ake sa wa fitilun LED da kyamarorin tsaro da ƙananan fankoki. Wutar bango a ƙasashenmu bolt 220 ce ko kusa da haka, kuma mai kai-da-komo ce, tana juya alkibla ta dawo sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Ita ake rubuta wa AC. Aikin akwatin shi ne ya karɓe ta, ya rage mata ƙarfi, ya miƙar da ita ta bi hanya ɗaya irin ta batir, galibi bolt 12 ko 24. Wannan ita ce DC. A gabansa akwai jerin kusoshi masu ɗauri, da ƴar fitila koriya wadda in ta kama an san yana da rai.

Ana saura kwana tara Sallah ɗan ƙanwata, wanda tela ne, ya sayi irin wannan akwati mai bolt 12 da amfiya 10 don ya haska shagonsa ya riƙa kwana yana ɗinki. Da kuɗin kafin alƙalami na masu kaya ya saya. Ya haɗa wayoyi da kansa, ya kunna, shiru. Ya iso wurina da akwatin a leda, idonsa ja, ya ce, "Kawu, gawa mutumin nan ya sayar mini. Zo mu je kasuwa ka shaida." Na ce masa kasuwa ba ta gudu, mu fara zuwa shagon ya sake haɗa shi a gabana kamar yadda ya yi. Da ya kunna na kara kunnena kusa, ba tare da na taɓa ba, sai na ji wani ɗan ƙara, tik, tik, tik, kamar agogon hannu, fitilar kuma tana ɗan ƙyaftawa da ƙyar ake gani da rana. Na sa ya zare filogi, ya kwance wayoyin fita duka biyu, ya sake kunnawa. Koriyar fitila ta kama tar. Da muka duba bakin wayar da ya feƙe, ashe zare ɗaya na jan ƙarfe, wanda bai kai gashin gemu kauri ba, ya baje daga kusar +V ya taɓa maƙwabciyarta ta −V.

Wannan ƙaran shi ne abin da na fi so a ce kowa ya sani. Irin waɗannan akwatuna an yi su da mai gadi a ciki. Idan wayoyin fita suka haɗe baki, ko aka ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu, sai su yanke wuta da kansu, su jira kaɗan, su sake gwadawa, in matsalar tana nan su sake yankewa. Wasu kuma ba sa sake gwadawa, kulle kansu suke yi har sai an zare filogi an ɗan jira. A ido duk mutuwa ce, alhali akwatin yana tsare shagon ne daga gobara. Da mun tafi kasuwa a ranar, da an ci mutuncin ɗan kasuwar da bai yi laifin kome ba, an kuma karɓo sabon akwati ya zo ya suma a kan wannan zaren.

Saboda haka tambayata ta farko kullum ita ce a sauke masa kaya. In ya farfaɗo, laifin yana gaba, sai a riƙa mayar da wayoyi ɗaya bayan ɗaya har a kama wadda take kayar da shi. Wani lokaci babu haɗewar baki ko kaɗan, lissafi ne bai fita ba. Naɗin fitilar LED irin mai haske sosai yana cin kusan wat 14 a kowace mita, wato naɗi ɗaya mai mita 5 ya haura wat 70, kimanin amfiya 6 a kan bolt 12. Wanda ya ɗora naɗi biyu a kan akwati mai amfiya 10 ya ɗora wa jaki kayan raƙumi. Fanka da famfon ruwa kuma a lokacin tashi suna fizgar wuta ninkin abin da suke ci in sun miƙe, shi ya sa ake barin rata.

In an sauke kaya bai farfaɗo ba, sai a koma baya wajen shiga. Shin soket ɗin ma akwai wuta? Abin dariya ne, amma a garuruwan da ake ɗauke wuta ba sallama, gwada fitila ko cajar waya a wannan soket ɗin ba ɓata lokaci ba ne. Daga nan, bayan an zare filogi, a karanta rubutun kusoshin da ido, kada a dogara da tunawa. Yawanci jerin yana farawa da L, sai N, sai alamar ƙasa, sannan −V da +V, amma ba kowane kamfani ke bin wannan tsari ba. Kuskuren da na fi gani shi ne a zame da kusa ɗaya. Idan wayar N ta faɗa kusar ƙasa, akwatin ba zai tashi ba. Idan kuwa mai wutar ce ta faɗa can, jikin akwatin gaba ɗaya ya ɗauki bolt 220 yana zaune shiru yana jiran hannu. Wannan ne dalilin da ya sa ba na taɓa ƙarfen akwatin da aka ce ya mutu sai na ga filoginsa a ƙasa. Launin waya ma shaida ce mai rauni. A ƙa'ida ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya ta komowa, mai kore da rawaya ta ƙasa, amma wayar gidajenmu sau da yawa abin da ya rage a hannun mai aiki ne. Akwai kuma wanda zai ɗaure kusa tam a kan robar waya, jan ƙarfen bai taɓa kome ba. A ja wayar a hankali a duba.

Ma'aunin wuta, wato mita, shi ma yana iya ba da shaidar zur in an yi masa tambayar da ba daidai ba. Wanda ya bar shi a kan V mai alamar igiya mai lanƙwasa ya auna miƙaƙƙiyar wuta zai ga sifili ko kusa da shi, ya yanke hukunci. V mai miƙaƙƙen layi da ɗige-ɗige a ƙasa ake nema. Mafi muni shi ne a manta jan tsinke a ramin auna amfiya, domin a nan mitar da kanta take zama haɗewar baki.

Wasu akwatunan kuma izini suke jira. Na cikin kwamfutar tebur ba ya tashi in an ciro shi sai an haɗa koriyar wayarsa da baƙa. Na ɗakin gwaje-gwaje yana da maɓallin fita na musamman, kuma in an murɗa maƙunshin amfiya zuwa ƙarshe ƙasa, bolt ɗin ma sifili zai nuna.

Ba na musun akwai mutuwa ta gaske. Wasu akwatunan suna da ɗan makunni a gefe mai zaɓi tsakanin 110 da 220, saboda ƙasashe irin su Amurka. Wanda aka bari a kan 110 aka cusa masa wutarmu, sau ɗaya yake yin ƙara, sai wari. Hanci ba ya ɓata wannan. A ciki za a tarar fis ya yi baƙi ƙirin, kuma baƙin fis alama ce cewa wani abu a bayansa ya ƙone ya haɗe. Al'adar nan ta naɗe shi da zaren waya ko takardar kwalin taba ba gyara ba ce, cire mai gadi ne a bar ɓarawo a ɗaki.

A wannan gaɓa ni nake tsayawa, in ce a kai wa mai gyara wanda sana'arsa ce. Babban kwandansa da ke ciki yana tara wajen bolt 310 daga wutar bango, kuma yana iya riƙe ta mintuna bayan an zare filogi, musamman a akwatin da ya kasa tashi, tun da babu abin da ya zuƙe ta. Mai gyara na ƙwarai zai fara sauke wannan wutar ta cikin ƙwan fitila ko wani abin da zai shanye ta a hankali, ya auna ya ga ta sauka, sannan ya kai yatsa.