Fadar da Aka Gani da Wadda Aka Rasa a Karakorum

A 1948 wani masanin tonon kayan tarihi ɗan Tarayyar Sobiyet, Sergei Kiselev, ya kafa sansani a kwarin kogin Orkhon, kimanin kilomita 360 yamma da Ulan Bato, babban birnin Mongoliya na yau. Fili ne fetal, sai ciyawa da dawaki da wani ƙaton kunkuru na dutse da ya shekara ɗaruruwa yana gadin abin da babu. Nan ne kufan Karakorum, birnin da Ogedai, ɗan Jengis Khan kuma magajinsa, ya kewaye da ganuwa a 1235, ya mai da shi cibiyar daular da ta miƙe daga gaɓar ƙasar Sin har gabashin Turai.

Kiselev ya san abin da ya zo nema, domin ya karanta shi tun kafin ya taka wurin. A 1254 wani limamin Kirista mai suna Wiliyam na Rubruk, wanda ya aika wa Sarkin Faransa Luwi na Tara rahoton tafiyarsa, ya zauna a birnin ya siffanta fadar: zaure mai kama da coci, da layuka biyu na ginshiƙai da ƙofofi uku ta kudu. A bakinta akwai bishiyar azurfa da wani maƙerin Faris, Guillaume Boucher, wanda aka kamo a yaƙi, ya ƙera, tana zubo giyar inabi da nonon goɗiya da giyar zuma da ta shinkafa. Da Kiselev ya fasa wani tudu kusa da kunkurun, ya ci karo da daɓe mai koren sheƙi da duwatsun gindin ginshiƙai a jere, takwas sau takwas, sittin da huɗu ke nan. Ya ce ga fadar Ogedai. Ya kuma tarar da tarin kayan bautar mabiya Buda a wurin, amma ya jingina su ga wani zamani daban, ya wuce.

Abin lura shi ne wani ya riga shi. Dmitri Bukinich, wanda ya tona wurin a 1933, ya ɗauki tudun a matsayin ɗakin ibada. Sai dai maganar fada ta fi daɗin ji, kuma mai faɗinta babban malami ne, don haka ita ta shiga littattafai, ta zauna daram sama da shekara hamsin.

Daga shekarar 2000 masanan Mongoliya da na Jamus suka koma kan tudun, a wannan karo suna bin ƙasar daki-daki. Suka fito da dubun dubatar ƙananan siffofin ibada na yumɓu, da ɓaraguzan manyan gumaka, da ɓallin zanen bango, duk a kan daɓen ginin da cikin jikinsa, ba a wani rufin ƙasa na baya ba. Tsarin ginshiƙan ma ya dace da na wuraren ibadar Buda. Akwai kuma rubutun dutse na 1346, wanda ake jin kunkurun ne ke goye da shi a da, mai ba da labarin wani ɗakin ibada mai hawa biyar da aka kammala a zamanin Monke Khan. Hujjoji suka haɗu: abin da ake nuna wa baƙi da sunan fada, haikali ne.

Kiselev bai yi ƙarya ba, kuma ba rago ba ne. Ya shiga ramin ne da hoton Rubruk a zuciya, duk abin da ya yi daidai da hoton ya zama shaida, wanda ya saɓa kuwa ya zama kutse. Kuskure ne na mai ilimi, irin wanda jahili ba ya iya yi.

Ribar da aka ci daga gyaran ta fi asarar yawa, domin da hankali ya bar kan fada sai ya koma ga mutanen gari. Rubruk ya raina birnin, ya ce in aka cire fada bai kai ƙauyen San Deni na kusa da Faris ba. Amma shi ɗin ne ya ƙirga ɗakunan bauta goma sha biyu, da masallatai biyu, da coci ɗaya, ya ambaci unguwar fatake Musulmi da ta masu sana'a 'yan Sin, da ƙofofi huɗu kowace da kasuwarta: hatsi a gabas, tumaki da awaki a yamma, shanu da amalanke a kudu, dawaki a arewa. Masanan Jami'ar Bon da suka tona tsakiyar gari sun tarar da titi shimfiɗe da duwatsu, da maƙeru, da zobban ƙarfe na ƙafafun amalanke. A can ne aka tsinci wani ɗan kuɗin azurfa mai rubutun Larabci, ɗauke da sunan birnin da shekarar 635 ta Hijira, wato 1237 zuwa 1238. Shi ne mafi tsufan abin da ya ambaci Karakorum da suna. A bayan ganuwa kuma an tona maƙabartar Musulmi.

Zobban amalanken nan sun fi bishiyar azurfa bayyana halin birnin. Ƙasar makiyaya ce, nomanta bai isa ciyar da gari ba. Marubucin tarihin Farisa, Rashiduddin, ya ce amalanke 500 ke shigowa kullum da abinci da abin sha. Garin da ke ci daga nesa, wuyansa na hannun mai hanya. Da Kublai Khan ya yi rikicin sarauta da ƙanensa Arik Boke daga 1260, sai kawai ya tare hatsin da ke zuwa daga Sin, yunwa ta yi masa rabin yaƙin. Ya mai da gadon sarauta kudu, inda Beijin take a yau. Karakorum ta koma birnin lardi, har rundunar daular Ming ta rusa ta a ƙarshen ƙarni na 14.

A 2016 da 2017 an ja wata na'ura mai auna maganaɗisun ƙasa a kan hekta 465, aka zana taswirar birnin ba tare da an sa shebur ba. Cikin ganuwa ya kai murabba'in kilomita 1.33, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari nasa babu alamar gini. Wataƙila nan ne ake kafa tantunan gashi idan sarki ya sauka da jama'arsa, domin sarakunan Mongol ba mazauna gari ba ne: suna zagaya mashaya da makiyaya bisa yanayin shekara, su leƙo birnin na ɗan lokaci. Rubruk ya auna gari da yawan soraye, alhali rabin garin nannaɗe shi ake yi a ɗora wa shanu.

Saura fada. A 1586 aka gina gidan ibadar Erdene Zu a gefen kufan, da duwatsun da aka kwaso daga cikinsa. Da masana suka yi 'yan ramuka a ƙarƙashin katangarsa, sun tarar da wata tsohuwar katanga mai kauri ta ƙarni na 13, shi ya sa da yawansu ke jin fadar Ogedai tana kwance a ƙarƙashin harabar. Wurin kuwa har gobe ana ibada a cikinsa, kuma yana cikin yankin da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 2004, don haka ba a fasa shi yadda aka ga dama. Bishiyar azurfa tana nan a bayan takardun kuɗin Mongoliya na tugrik 5,000 da 10,000, an zana ta a gaban fada. Ko reshe ɗaya nata ba a tono ba.