Kumfar Teku a Unguwar Kwararafa

Tsakanin Jos da gaɓar teku mafi kusa akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita, in kuwa ta Legas za a bi, sai an ci kusan kilomita 1,000 a mota. Garin kuma yana zaune ne a kan tsauni, sama da mita 1,200 daga doron teku. Saboda haka duk wanda ya ce zai ajiye kifin teku a ɗakinsa a nan, dole ne ya ƙirƙiro tekun da hannunsa. Zai sayi gishiri na musamman da ake kawowa a buhu, ya tace ruwa har ya fita tas, sa'an nan ya narkar da kimanin giram 35 a cikin kowace lita. Abin da nake yi ke nan a gidana da ke Kwararafa, ba nisa da tsohon gidan silima. Akwatin gilashi ne mai cin lita 250, a ciki akwai duwatsun murjani da kifi biyar, biyu daga cikinsu irin masu ruwan lemo da ratsin farin nan ne waɗanda yara ke kira Nemo tun fitowar fim ɗin a 2003.

A ƙarƙashin akwatin, cikin kabad, akwai wani ƙaramin tanki da baƙo ba ya gani. Ruwa yana gangarowa cikinsa ta bututu, a tace shi, famfo ya sake mayar da shi sama. Matsayinsa matsayin madafa ne a gidan biki: can ake shan hayaƙi domin zaure ya yi kyau. A cikin wannan tankin ƙasa ne ake girka na'urar yaɗe kumfa, wadda masu sana'ar ke kira sikima, kuma zaɓenta shi ne ya ci mini kusan wata biyu ina kai gwauro ina kai mari.

Duk macen da ta taɓa tafasa nama ta san asalin aikin. Idan tukunya ta ɗauki zafi, wata kumfa mai duhu kan taso, sai a sa ludayi a yaɗe ta. To, kashin kifi da majinar jikinsa da ragowar abinci suna narkewa a ruwa, ido ba ya ganinsu. Da yawa daga cikin ƙwayoyin wannan datti gefensu ɗaya na son ruwa, ɗayan kuma na gudunsa, don haka da zarar sun sami ɗigon iska sai su manne masa. Ita na'urar tana cika wata doguwar silinda da ƙananan ƙwayoyin iska har ruwan ya yi fari kamar nono, kumfar ta hau ta wani siririn wuya, ta tuntsura cikin kofi. Abin da ke taruwa a kofin launinsa na shayin da aka manta a wuta ne, warinsa kuwa ba na faɗa ba ne a mujalla irin wannan. Amfanin abin shi ne an fitar da dattin tun kafin ya ruɓe ya zama amoniya, wadda ɗan kaɗan daga cikinta kan ƙone huhun kifi.

Nakan tuna masu wankin kuza a rafin Dilimi idan ina kallonta. Su suna juya ƙwarya ne domin mai nauyi ya zauna, ruwa ya tafi da yashi. Ita kuwa mara nauyin take farauta. Wani abin sha'awa kuma, dabarar ba ta ci sosai sai a ruwan gishiri, domin gishiri ne ke hana ƙwayoyin iska haɗewa su zama manya su fashe. Da za a kai ta gonar kifi ta Panyam, wadda aka kafa a farkon shekarun 1950 domin kiwon kifin ruwan daɗi a wannan tsauni, da ba abin da za ta yi sai gurnani. Wannan ne ma dalilin da ya sa kumfa ke kwanciya a bakin teku a Legas, amma ba ka ganin irinta a kududdufan da haƙar kuza ta bari a Bukuru.

Uku aka nuna mini a waya daga wani kanti a Legas. Ta farko tsohon yayi ce, mai amfani da ɗan guntun katako da ake hura wa iska. Ga araha, amma katakon yana toshewa bayan 'yan makonni, kuma ba itacen da za ka samu a kasuwar Katako ba ne, sai an aiko. Ban daɗe a kanta ba. Sauran biyun duka masu famfo ne mai farfela irin ta allurai, wadda ke zuƙo iska ta wani ƙuntataccen maƙogwaro ta daddatsa ta. Hikimar maƙogwaron nan ta samo suna ne daga Venturi, masanin Italiya da ya bayyana ta a ƙarshen ƙarni na 18, Jamusawa kuma, irin su kamfanin Tunze, suka shigo da ita cikin kiwon kifin teku a shekarun 1960. Ɗaya an rubuta a kwalinta tana ɗaukar lita 800, ɗayar kuma lita 400. Mai kantin ya dage a kan babbar. Cewa ya yi, "Oga, gobe za ka ƙara kifi, ka saya sau ɗaya ka huta."

Magana ce mai shiga kunne, musamman ga ma'aikacin da ya san cewa kuɗin da ke hannunsa yau ba lalle ne ya sake ganin irinsu ba. Sai dai a wannan sha'ani girma yana da illarsa. Babbar na'ura wuyanta faɗi gare shi, kuma kumfa ba ta iya hawa faffaɗan wuya sai da datti mai yawa da zai riƙe ta. Kifi biyar ba za su iya ciyar da ita ba. Za ta yi aiki kwana biyu, ta yi kwana huɗu tana zaune, mai ita yana ta murɗa maɓalli yana zaton ta lalace. A ɗaya gefen kuma, sanin kowa ne a cikin masu wannan kiwo cewa lambar da ke jikin kwali akwai cika baki a cikinta, shi ya sa akan nemi wadda lambarta ta ɗara girman akwati da kamar rabi. Ga lita 250, da ƙarin abin da ke tankin ƙasa, mai 400 ita ce daidai ruwa daidai tsaki. Na kuma sami natsuwa da wani bincike da Ken Feldman, malamin kimiyyar haɗa sinadarai a Amurka, ya wallafa wajen 2009 da 2010, inda ya auna na'urori iri-iri ya ga cewa, masu tsada da masu araha, abin da suke fitarwa bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku na narkakken dattin ba. Saura sai canjin ruwa da gawayin tacewa. Wato tsadar ba ta sauke wa mutum ɗaukar bokiti.

Abubuwan da suka yanke hukuncin, duk da haka, ba a rubuce suke a kwali ba, domin wanda ya ƙera na'urar bai san Jos ba.

Na farko wuta. Idan aka ɗauke ta, ruwan da ke cikin bututu yakan gangaro tankin ƙasa, ya ɗaga shi. Na'urar kuwa tana son tsayin ruwa tsayayye, santimita 15 zuwa 20 ga yawancinsu. In wutar ta dawo ta tarar da ruwa ya hau, sai kofin ya cika nan take, ya amayar da dattin mako guda cikin ruwan da kifi ke shaƙa. A garin da wuta ke iya zuwa ta koma sau biyar a yini, wannan ba ƙaramar barazana ba ce. Ƙaramar tana da famfo mai akwatin sarrafawa wanda ke jinkirta tashi na 'yan mintoci bayan dawowar wuta, kuma cinta bai kai wat 15 ba, abin da batirin sola na gidana zai iya riƙewa har asuba. Babbar ba ta da ko ɗaya.

Riƙewa har asubar nan ta fi komai muhimmanci a wurina, saboda tsayin garinmu. A wannan tudu iska ta fi ta Legas sirantaka da fiye da kashi goma cikin ɗari, don haka iskar shaƙa da ke narkewa a ruwa ta ragu gwargwadon haka, ga shi dama ruwan gishiri bai kai na daɗi riƙe ta ba. Da dare kuma duk abin da ke cikin akwatin, har gansakukar da ke ba da iska da rana, shaƙa yake yi. Na'urar yaɗe kumfa, ko ba ta yaɗe komai ba, ita ce huhun akwatin. Wani abokin aikina na sashen kimiyya ne ya zauna ya yi mini wannan lissafi a bayan takardar jarrabawa, ya ƙare da cewa, "Malam, kifinka mahaya dutse ne, ka tausaya musu."

Sai kuma hunturu. Jos da sanyi sai wanda ya kwana a Disamba, kifin murjani kuwa yana son ruwa a ma'aunin zafi 25 ko kusa da haka, amma wannan aikin na'urar ɗumama ruwa ne. Abin da ya shafi sikima shi ne bushewar iska. Ruwa yana tsotsewa da sauri, tsayinsa a tankin ƙasa ya sauka, kumfa ta faɗi. Na sa mai yankan gilashi ya raba tankin da shamaki, ta yadda ɗakin da na'urar ke zaune ba ya raguwa, sai ɗakin famfo, wanda nake cikawa da tataccen ruwa mara gishiri kowace safiya, tunda gishirin ba ya bin tururi. Man da muke shafawa saboda kaushi shi ma abokin gaba ne: hannu mai basilin ya shiga ruwan, kumfa ta kwanta sai bayan sa'o'i.

Akwai wani abu da ya fi waɗannan duka tayar mini da hankali. Na'urar iskar ɗaki take zuƙa, ta dama ta da ruwa ba dare ba rana. Duk abin da ke cikin iskar falo zai ƙare a jikin kifi: hayaƙin janareton maƙwabci, ƙurar hunturu, turaren wuta, da kuma maganin sauro na fesawa, wanda guba ne ga kifi da jatan lande. A nan ne zancen ya bar kabad ya shiga cikin gida. Uwargida ta ce turaren wuta ya riga kifi zuwa gidan, kuma gaskiyarta. Muka daidaita: aka huda jikin taga, aka zura siririn tiyo waje ta gefen da ba janareto, aka ɗaura masa ɗan gwangwani cike da auduga da gawayin tacewa. Feshin sauro kuma ya koma ɗakunan kwana, a rufe ƙofa. Ƙaramar na'urar tana da bakin da tiyon ya shiga daidai, ba sai an yi mata ƙira ba.

Ita na saya. Ta iso a motar dare, an naɗe ta da tsofaffin jaridu, na auna ta da kabad na tarar saura yatsu huɗu a sama, daidai abin da zai isa a zare kofin. Kwana tara ta yi tana tafasa ba kumfar kirki, kamar yadda sababbi kan yi kafin man ƙira ya fita daga jikinsu. A rana ta goma kumfa ta kama wuya. Yanzu Talata da Asabar nake zubar da kofin, in wanke wuyan da tsohon buroshin haƙori, domin in ya yi kauri da datti aikin yana raguwa. Ƙaramin ɗana ne ya karɓi wannan aiki da farko, da murnarsa, ya yi sau ɗaya ya dawo mini da buroshin.